Yadda Ake Fara Bai Wa Jariri Lemo Bayan Ya Cika Wata 6

Kalmar lemo a Hausa tana ɗauke da abubuwa da yawa, saboda haka ya kamata a rarrabe su tun daga farko. Akwai lemon zaƙi da tanjarin da lemon tsami da garehul, waɗanda 'ya'yan itace ne 'yan gida ɗaya, sannan akwai lemon kwalba da na kwali da na gari da ake kaɗawa a ruwa, waɗanda galibinsu suna kawai suka ara. Wannan jagora ta shafi na itace ne. Lemon kwalba da 'yan uwansa ba abincin jariri ba ne ko da an zana lemo a jikin kwalin, kuma ƙa'idojin ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 sun ce kada a ba su abin sha mai sukari.

Babban amfanin lemo ga jariri yana tattare ne da maganar jini, wanda jiki ke buƙatar sinadarin ƙarfe kafin ya samar da shi. Yaro yakan zo duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe wadda ke isar sa kimanin wata 6, daga nan ajiyar ta fara ƙarewa, nonon uwa kuma, duk da albarkar da ke cikinsa, ba shi da wannan sinadarin da yawa. Abincin da aka fi farawa da shi a gidajenmu, wato kunun gero ko dawa ko masara, da wake da ganye daga baya, yana da ƙarfen, amma a ɗaure yake ta yadda hanji ba ya iya tsotsar sa sosai, bitamin C kuwa yana taimakawa wajen kwance shi idan sun haɗu a ciki a lokaci guda. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da sikila suna da nasu kason a wannan adadi, amma abinci ma yana da nasa. Giram 100 na tsokar lemon zaƙi yana ɗauke da bitamin C kimanin miligiram 50, abin da ya kai buƙatar yini guda ta ɗan wata 7 zuwa 12, wanda dama yana samun wani kaso daga nono. Ke nan ba yawa ake nema ba. Sala biyu ko uku a gefen abinci sun biya buƙata.

Mataki na farko: a tabbatar lokaci ya yi

Kafin wata 6 babu abin da ya kamata ya shiga bakin jariri sai nono, ko madarar jarirai ga wanda nonon bai samu ba, sai kuma maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Hanin ya haɗa da ɗigon ruwan lemo da wata goggo ko kaka za ta matsa masa a baki don a ga yadda zai yatsina fuska a yi dariya. Bayan cikar watannin, a duba alamu uku: yana iya zama da ɗan tallafi kansa a tsaye ba ya langaɓewa, yana miƙa hannu ya ɗauki abu ya kai baki, kuma idan an sa masa abinci yana haɗiyewa maimakon ya turo shi da harshe. Bakwaini yakan makara wajen nuna waɗannan alamu, don haka a nemi shawara a wurin awo kafin a fara ba shi komai.

A da ana cewa a jira sai yaro ya shekara kafin a ba shi lemo, don gudun kada jikinsa ya ƙi shi. Likitocin yara sun bar wannan shawara, domin jinkirin ba ya kare yaro daga komai, kuma lemo ba ya cikin abincin da suka yi ƙaurin suna wajen tayar da borin jini, irin su ƙwai da madarar shanu da gyaɗa da kifi da alkama da waken suya da riɗi. Duk da haka, a ganina bai dace lemo ya zama abu na farko da jariri zai ɗanɗana ba. A bari ya yi mako biyu ko uku yana saba wa kunu mai kauri da dankalin Hausa da kabewa da ayaba, ya koyi juya abu a baki, sannan a kawo mai tsami.

Akwai lokutan da ake ɗagawa ko da shekarun sun kai. Idan yaro yana da gyambo ko farin kumfa a baki, ko duwawunsa ya yi ja ya saɓule saboda nafkin, ko yana fama da tumbuɗi mai yawa da ke sa shi kuka yana banƙarewa, tsamin lemo zai ƙara masa zafi ne, gara a jira ya warware.

Mataki na biyu: zaɓen lemo

A fara da lemon zaƙi ko tanjarin, domin su ne mafi ƙarancin tsami. Kaso mai yawa na lemon da ake sha a arewacin Najeriya daga Binuwai yake zuwa, a sauke shi a manyan kasuwanni irin su 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, kuma yawancinsa kore ne ko ruwan ɗorawa-ɗorawa. Koren bawo ba ya nufin ɗanye ne. Lemo yana buƙatar sanyin dare kafin bawonsa ya rine, a ƙasashe masu zafi kuwa yakan nuna sarai alhali yana kore. Abin dubawa shi ne nauyi: a ɗauki biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi ruwa. A guji mai taushi a gefe ɗaya, da mai huda, da mai warin tsami ko fumfuna a gindi.

Kowa ya san yadda mai lemo yake yi a bakin titi: ya riƙe lemon a hannun hagu yana juya shi, 'yar wuƙa tana zare bawon siriri kamar zare har ya sauka ƙasa bai tsinke ba, ya jera fararen a tire, idan mai saye ya zo ya sare kan ya miƙa masa. Gwaninta ce, kuma babba ba ya rasa jin daɗinta da rana, amma wannan lemon ba na jariri ba ne. Ya sha ƙura da ƙuda, wuƙar ta yini tana aiki ba a wanke ta ba, hannun da ya fere shi kuma shi ne yake karɓar kuɗi. Na jariri a sayo shi da bawonsa a gyara a gida. Kuma kafin a ba shi, uwa ta ɗanɗana, domin a tire ɗaya ana samun mai zaƙi kamar zuma da wanda zai kashe haƙori.

Mataki na uku: gyarawa

Nan ne aikin yake, domin haɗarin lemo ga jariri ba a tsaminsa yake ba, a 'ya'yansa ne da kuma tantanin da ke lulluɓe da kowace sala. Tantanin nan yana da santsi da yauƙi, dasashi ba ya iya tsinka shi, babba ma wani lokaci sai ya tauna ya tofar. Jariri yakan tsotse ruwan ya bar shi a dunƙule, sai ya zame masa zuwa maƙogwaro.

A wanke hannu da sabulu, a wanke lemon da ruwa mai tsabta tun yana cikin bawonsa, saboda wuƙa tana jan dattin waje ta shigar da shi ciki. A ɗora shi a kan faranti ko katako mai tsabta wanda ba a yanka ɗanyen nama a kansa ba, a sare sama da ƙasa har tsokar ta bayyana, a tsayar da shi a kan gefen da aka sare. Sai a bi shi da wuƙa daga sama zuwa ƙasa ana zaftare bawon tare da farin da ke ƙarƙashinsa, ana juyawa, har ya rage tsoka tsirara tana ƙyalli. A wannan lokacin za a ga fararen layuka sun raba salolin. A riƙe lemon a kan kwano don ruwan da zai zuba, a zura wuƙa dab da layi ɗaya zuwa tsakiya, a sake zura ta dab da layin da ke biye, sai salar ta faɗo ba tantani. A yi haka har a zagaye. Abin da zai rage a hannu shi ne totuwar, a matse ruwanta a kwanon a yar.

Tanjarin ya fi sauƙi, tunda da hannu ake ɓare shi, amma shi ya fi yaudara, domin salarsa ƙarama ce daidai bakin yaro, sai a ga kamar za a iya miƙa masa ita haka nan. Kada a yi. A tsaga bayan kowace sala da wuƙa ko farce mai tsabta, a buɗe tantanin kamar ana buɗe littafi, a zare tsokar.

Bayan haka a bi tsokar da yatsu ana murzawa a hankali don neman 'ya'ya. Lemon da ake samu a kasuwanninmu yana da 'ya'ya sosai, wasu ƙanana ne farare da ido ba ya saurin gani, yatsa ne ke jin su. Ga ɗan wata 6 zuwa 8, a farfasa tsokar da cokali mai yatsu har ta koma 'yan ƙananan buhunan ruwan nan da ke cikinta. Ba a ƙara sukari, ba a ƙara gishiri, ba a ƙara zuma.

Mataki na huɗu: ranar farko

A zaɓi safiya ko hantsi, ranar da yaro yake lafiya kuma uwa tana gida, domin idan wani abu zai bayyana a gan shi da rana, lokacin da asibiti yake buɗe. Kada a haɗa da wani sabon abinci a ranar, don in an ga canji a san daga ina ya fito. Kada kuma a ba shi a kan yunwa mai tsanani. A bari ya ɗan sha nono ko ya ci cokali biyu na kununsa.

A zaunar da shi a miƙe a kan cinya ko a kujerarsa, ba a kwance ba, ba a goye ba, ba kuma yana rarrafe ba. Ana iya shafa ɗan man kaɗanya ko Vaseline a kewayen bakinsa da haɓarsa don ruwan lemon kada ya taɓa fatar kai tsaye, musamman da hunturu lokacin da leɓe yake tsagewa. A ɗebi rabin ƙaramin cokali a kai kusa da bakinsa a jira ya buɗe da kansa. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu sun isa a ranar.

Zai yatsina fuska, ya runtse ido, wataƙila har ya girgiza kai kamar wanda sanyi ya kama. Wannan ba ƙi ba ne, haka kowane jariri yake yi wa tsami, sau da yawa ma sai ya sake buɗe baki yana neman ƙari. Idan ya kau da kai ya datse baki, a ƙyale shi a sake gwadawa bayan kwana biyu ko uku, domin yaro yakan buƙaci a kawo masa abu sau 10 ko fiye kafin ya karɓe shi. Ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa abu a baki, ba ta da wuri a nan ko kaɗan, domin hanya ce da ruwa ko abinci ke faɗawa huhu. Idan an gama a goge bakin da tsumma mai laushi da ruwa, ana dannawa a hankali ba gurzawa ba, a ba shi 'yan kurɓi na tafasasshen ruwan da ya huce a kofi.

Mataki na biyar: sa ido na kwana 3

Abin da aka fi gani shi ne ja a kewayen baki, a daidai inda ruwan ya taɓa, ba kumburi, yaron kuma yana wasansa. Tsami ne ya ɗan ci fatar, kuma yakan baje da kansa cikin ɗan lokaci bayan an wanke. Haka nan bayan gidansa yana iya ɗan sassautawa ko duwawunsa ya yi ja. Waɗannan ba sa nufin jikinsa ya ƙi lemo har abada. A rage yawan, a riƙa gauraya shi da wani abinci, ko a huta mako biyu a dawo.

Borin jini na gaske daban yake, kuma yakan zo cikin mintoci zuwa awa 2. Alamominsa su ne ƙuraje masu tudu da ƙaiƙayi a wuraren da lemon bai taɓa ba, kamar ciki da baya da cinya, kumburin leɓe ko ido ko fuska, da amai a kai a kai. Idan aka ga haka a daina bayarwa a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa numfashinsa ya fara fita da ƙara, ko muryarsa ta dushe, ko harshe ya kumbura, ko jikinsa ya saki ya yi fari fat, ba a jiran komai, ba a tsayawa jiƙa wani abu a gida, asibiti mafi kusa za a nufa nan take.

Ya kamata duk mai ciyar da yaro ya san bambancin kakari da shaƙewa. Mai kakari yana tari, yana ƙara, fuskarsa ta yi ja, yana turo abin da harshe. Wannan jikinsa ne yake kare kansa, a bar shi ya fitar, kada a zura masa yatsa. Wanda ya shaƙe kuwa shiru yake yi, ba kuka ba tari, leɓensa ya fara sauya launi. A kifa shi a kan hannu ko cinya kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, a tallafe haɓarsa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. Idan abin bai fito ba, a juya shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu, ƙasa kaɗan da layin nonuwansa, sau 5. A ci gaba da maimaitawa yayin da wani yake neman abin hawa. Ba a ba shi ruwa, ba a laluben maƙogwaro da yatsa, domin hakan yana ƙara tura abin ciki.

Mataki na shida: shigar da shi cikin abincin yau da kullum

Da zarar an ga ya karɓe shi, sai lemo ya koma abokin abinci, tunda a nan amfaninsa ya fi fitowa. Ɗan wata 6 zuwa 8 yana cin abinci sau 2 zuwa 3 a yini ban da nono, ɗan wata 9 zuwa 11 kuma sau 3 zuwa 4, sai a sa lemon a ɗaya daga ciki, musamman wanda yake da wake ko ganye ko hatsi. Faten wake da aka tuƙe ya yi laushi, da kunun gero mai garin waken suya, da dankali da miyar alayyahu ko zogale, duk suna amfana da cokali biyu na tsokar lemo a gefe ko a ciki. Sharaɗi ɗaya ne: a sauke abincin ya huce kafin a zuba, domin zafi yana lalata bitamin C. Kunun gyaɗa, wanda dama da tsamiya ko lemon tsami ake tsinka shi, ya dace da wannan tsari idan an riga an gwada wa yaron gyaɗa an ga ba ta tayar masa da komai ba. Shayi kuwa akasin lemo yake yi, yana hana jiki tsotsar ƙarfe, saboda haka al'adar ba jariri shayi da burodi da safe ta cancanci a bar ta.

Wajen wata 9, lokacin da yaro ya fara tsintar abu da babban yatsa da manuni, a yanka tsokar ƙanana kamar ƙwayar wake a zuba masa a faranti ya ɗauka da kansa. Zai ɓata riga, zai murje rabi a ƙasa, amma ta haka yake koyon ci. Bayan shekara 1 ana iya ba shi sala guda da aka cire wa tantani ya gatsa. Sala mai tantani kuwa sai turamensa sun fito ya iya tauna sosai, kuma ko a lokacin a raba ta biyu a cire 'ya'yan, a zauna kusa da shi har ya gama.

Maganar matsattsen ruwan lemo

Iyaye da yawa suna ganin matse lemo a tace a zuba a fida shi ne gata. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a ba yaro ruwan 'ya'yan itace kafin ya cika wata 12, daga shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce kimanin mililita 120 a yini. Dalilin a fili yake. Idan aka tace lemo an zubar da tsokarsa an bar ruwa da sukari, kofi guda yana cinye lemo biyu ko uku, cikin jariri kuwa ɗan ƙarami ne, sai ruwan ya cika wurin da nono da abinci ya kamata su shiga. Yawansa yana kawo gudawa, idan kuma a fida ake sha, musamman da dare, tsami da sukari suna kwana a kan sababbin haƙora suna cin su. 'Yan ɗigon da aka zuba a abinci ba su shiga wannan hani ba. Haka kuma ruwan lemo ba ya maye gurbin ruwan gishiri da sukari na ORS ga yaron da ke gudawa. Irin wannan yaron ORS yake buƙata da ƙwayar zinc da ci gaba da shan nono.

Lemon tsami da garehul

Lemon tsami ya ninka na zaƙi tsami nesa ba kusa ba, don haka ɗigo kaɗan a abinci shi ne iyakarsa, ba a ba jariri shi ya tsotsa. Abu biyu ne ake yawan mantawa game da shi. Na farko, haɗin zuma da lemon tsami da ake yi wa tari bai halatta ga wanda bai shekara ba, domin zuma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyin jariri, har ya kasa tsotso da numfashi, tafasa ta a gida kuma ba ya kashe ƙwayar. Na biyu, idan ruwan lemon tsami ko man bawonsa ya taɓa fata sannan rana ta buge wurin, yana iya tashi kamar ƙuna, ya yi bororo bayan kwana ɗaya ko biyu, ya bar baƙin tabo na watanni. Uwar da ta matse lemon tsami ta wanke hannu da sabulu kafin ta ɗauki yaro ta fita da shi.

Garehul yana da ɗaci, kuma yana sauya yadda jiki yake sarrafa wasu magunguna har ƙarfinsu ya wuce yadda aka auna. Yaron da yake kan magani na kullum kada a ba shi sai an tambayi likitansa.

Ajiya

Lemon da ba a yanka ba yana yin kwanaki a inuwa mai iska, ba a cikin leda a ɗaure ba. Wanda aka gyara kuwa kada ya wuce awa 2 a waje, da bazara ma awa 1, sai dai a rufe shi a sa a firji a yi amfani da shi kafin washegari, in an tabbata wuta ba ta ɗauke ba. Ragowar da cokalin yaro ya shiga ba a ajiye ta. Mafi sauƙi shi ne a gyara sala biyu ko uku na yaro, uwa ta shanye sauran, tunda mai shayarwa ma tana buƙatarsa kuma abin da ta ci yana ƙara bitamin C a nononta. Lokacin da lemo ya yi tsada, kamar da azumi, gwanda da mangwaro nunanne da tumatir suna yin wannan aikin, haka ma gwaiba, wadda ta ninka lemo bitamin C kusan sau 4, muddin an fere ta an kwashe 'ya'yanta kaf an murje tsokar a rariya.